Yadda Ɗalibin Wasan Kwaikwayo Zai Rubuta Sharhi a Kan Wasan da Ya Kalla a Dandamali

Wanda zai yi sharhi a kan littafi yana da damar komawa shafi na goma sau nawa ya ga dama, wanda zai yi a kan fim kuma yana iya tsayar da hoto, ya mayar da shi baya har sai ya gamsu. Mai sharhin wasan dandamali ba shi da wannan gata. Abin da ya wuce a gabansa ya wuce ke nan, kuma ko da ya dawo washegari ya sake yankar tikiti, ba wasan jiya zai tarar ba, domin 'yan kallo sun sauya, muryar ɗan wasa ta ɗan dusashe ko ta ƙara washewa, shirun da ya ɗauki daƙiƙa biyar jiya wataƙila yau uku zai ɗauka. Saboda haka matsayin ɗalibin da aka tura ya kalli wasa ya rubuto sharhi ya fi kusa da na mai ba da shaida fiye da na alƙali. Zai yanke hukunci a ƙarshe, babu shakka, amma hukuncin ba shi da daraja sai ya iya faɗin abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji, dalla-dalla, ta yadda wanda bai halarta ba zai hango dandamalin a zuciyarsa.

A nan ne sharhin ɗalibai da yawa yake tuntuɓe. Sai ka karanta shafi uku, ka san labarin wasan tun daga tushe har ƙarshe, ka ji cewa 'yan wasa sun yi ƙoƙari kuma wasan ya ƙayatar, amma ba ka san inda 'yar wasan ta tsaya lokacin da aka faɗa mata mummunan labari ba, ba ka san ko fitila ta yi ja ko ta yi fari ba, ba ka ma tabbata cewa mai sharhin ya taka ƙafarsa zauren ba.

Shirin da ake yi kafin ranar wasa

Abu na farko shi ne ka koma ga umarnin da malami ya bayar ka karanta shi da natsuwa. Akwai malamin da ke son sharhi irin na jarida, gajere, wanda zai gaya wa mai karatu ko wasan ya cancanci a je a kalla. Akwai kuma wanda ke son nazari na ilimi a kan fanni guda, kamar aikin 'yan wasa biyu ko yadda aka sarrafa haske. Ayyuka biyu ne daban, kuma sanin wanda ake nema shi zai nuna maka inda za ka kafa ido a daren wasan.

Abu na biyu shi ne karanta rubutaccen wasan, idan an buga shi. Wasu suna ganin gara mutum ya shiga zaure bai san komai ba, kamar kowane ɗan kallo, domin abin mamakin da ke cikin labarin ya same shi yadda aka nufa. Hujja ce mai ƙarfi ga wanda ya zo nishaɗi, amma ga ɗalibi ni ina ganin karatun ya fi alfanu, saboda idan ba ka san abin da marubuci ya rubuta ba, ba za ka iya bambance aikinsa da aikin darakta ba. Wasan Hamlet na Shekspiya, alal misali, idan aka yi shi gaba ɗaya ba a cire komai ba, yana cin kusan sa'o'i huɗu, don haka yawancin daraktoci suna datse shi, kuma abin da kowane darakta ya zaɓa ya yar yana bayyana yadda ya fahimci wasan. Wanda bai karanta ba, ba zai ma san an yar da wani abu ba. Haka nan lokacin da Orson Welles ya shirya Julius Caesar a New York a 1937, ya sanya wa 'yan wasansa tufafin zamani masu kama da kakin 'yan mulkin kama-karya na Turai a wancan lokaci. Kalmomin na Shekspiya ne, amma gargaɗin da 'yan kallo suka ɗauka suka tafi da shi gida na darakta ne. Yayin karatun, ka ja layi a ƙarƙashin wurare uku ko huɗu da kake ganin suna da wuyar aiwatarwa, ka tambayi kanka yadda kai za ka yi su. A daren wasan, waɗannan wuraren za ka yi dako.

Sannan ka ɗan binciki salon wasan kwaikwayon da aka gina wasan a kansa, domin kada ka auna shi da mudun da ba nasa ba. Konstantin Stanislavski, wanda shi da Vladimir Nemirovich-Danchenko suka kafa shahararren gidan wasansu a Mosko a 1898, ya gina koyarwarsa a kan cewa ɗan wasa ya nemo abin da mutumin da yake kwaikwaya ke buƙata a kowace fitowa, ya shiga halin da marubuci ya ajiye shi, har ɗan kallo ya manta cewa kwaikwayo ne. Bertolt Brecht na Jamus, wanda ya rasu a 1956, akasin haka yake nema: yana son ɗan kallo ya riƙa tunawa cewa wasa yake kallo, domin ya yi tunani maimakon ya narke cikin tausayi, shi ya sa ake barin fitilu a fili, ake nuna alluna masu rubutu da ke faɗin abin da zai faru, ake katse labari da waƙa. Ɗalibin da ya kalli wasa irin na Brecht ya dawo ya rubuta cewa 'yan wasan sun kasa sa shi hawaye, bai yi suka ba, ya dai nuna cewa bai san inda ya je ba.

Kada ka karanta sharhin da wasu suka yi a kan wannan shirin kafin ka kalla. Jimlar wani, idan ta yi daɗi, takan maƙale a kai, sai ka zauna kana neman tabbatar da ita maimakon ka kalli abin da ke gabanka.

Ka kuma san wane dare ka zaɓa. Manyan gidajen wasa sukan yi 'yan darare na gwaji a gaban 'yan kallo kafin buɗewa a hukumance, kuma a al'adar masu sharhi ba a yanke wa wasa hukunci a irin waɗannan darare, tunda ana kan gyara. Idan dole ta sa ka kalli irin wannan, ka faɗa a cikin rubutunka. Wurin zama ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. A dandamali mai fuska ɗaya, wanda ake kallonsa kamar hoto a cikin firam, tsakiyar zaure ya fi nuna maka yadda darakta ya jera mutanensa, layin gaba kuwa fuska da gumi zai nuna maka, ya ɓoye maka zanen gaba ɗaya. Idan dandamalin ya kutso cikin 'yan kallo suna kewaye da shi ta gefe uku, ko kuma da'ira ce ana kallo ta ko'ina, to babu kujerar da take ganin komai, kuma dole ka tuna cewa lokacin da kake ganin ƙeyar ɗan wasa, wani yana ganin idonsa.

Ka tafi da ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi da biro biyu waɗanda ba sa ƙara idan an danna su. Waya ba ta da gurbi a wannan aiki: haskenta yana damun maƙwabta, 'yan wasa suna hango shi daga dandamali, kuma ɗaukar hoto ko sauti haramun ne a yawancin gidajen wasa.

Daga shiga zaure zuwa rufe labule

Ka isa da wuri, kamar minti ashirin kafin a fara. Ka karɓi takardar shirin wasan ka adana ta, domin daga cikinta za ka samo sunayen marubuci da darakta da 'yan wasa da masu tsara dandamali da haske da sauti da sutura. Idan darakta ya rubuta bayanin manufarsa a ciki, ka karanta, amma ka ɗauke shi a matsayin alkawari wanda za ka duba ko an cika, ba a matsayin gaskiyar da aka gama ba. Idan labule a buɗe yake, ka zana taswirar dandamalin a shafin farko: ƙofofi, matakala, kujeru, wurin da ya fi tudu. Zanen minti biyu zai tuna maka gobe abin da rubutun shafi guda ba zai tuna maka ba. Ka lura da kiɗan da ake sawa kafin a fara, da yawan mutanen da ke zaure, da irinsu.

Da an kashe fitilun zaure, sai ka fuskanci matsalar da kowane mai sharhi yake fuskanta: duk daƙiƙar da ka sunkuya kana rubutu, daƙiƙa ce da ba ka kallo. Maganinta shi ne ka koyi rubutu ba tare da duba takarda ba, da manyan baƙaƙe, kalma uku ko huɗu a kowane layi, kana juya shafi da wuri domin kada ka rubuta wani a kan wani. Ba jimloli ake nema ba, ƙugiyoyi ake nema waɗanda za ka rataye tunaninka a kai daga baya: "ta juya baya, shiru, fitila shuɗiya", ko "dariya a wurin mutuwa, me ya sa". Kada ka rubuta hukunci a cikin duhu. Idan ka rubuta "ya yi kyau", gobe ba za ka san abin da ya yi kyau ɗin ba.

Masanin nan na Girka, Aristotil, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa wasan ban tausayi gida shida: tsarin labari, halayen mutanen cikinsa, tunani, lafazi, waƙa, da abin da ido ke gani. Aristotil ya sa tsarin labari a gaba, ya ajiye abin gani a ƙarshe. Jerin yana da amfani a matsayin abin tuni, amma ɗalibin da ke zaune a zaure ya kamata ya juya shi, domin labari da tunani yana iya samunsu a littafi ko da yaushe, abin gani da abin ji kuwa daren nan kawai suke da rai.

Mafi yawan hankalinka zai tafi ga 'yan wasa, kuma a nan ne ya kamata ka fi tsananta lura. Ka saurari murya ta fuskoki daban-daban: ƙarfinta, ko tana kaiwa layin baya ba tare da ihu ba, saurinta, inda take hawa da inda take sauka, kalmar da aka danna a cikin jimla, domin jimla ɗaya tana iya zama roƙo ko barazana gwargwadon kalmar da aka danna. Ka lura da shiru, ka ma ƙirga shi idan ya yi tsawo. Sannan jiki: tafiya, tsayuwa, abin da hannuwa suke yi, nisan da ɗan wasa yake bari tsakaninsa da abokin maganarsa, da lokacin da ya rage wannan nisa. Akwai wata dabara da nake ganin ta fi kowace fallasa gwanintar ɗan wasa, ita ce ka ɗauke ido daga mai magana ka kalli mai saurare. Ɗan wasa mai rauni yana tsaye ne kawai yana jiran layinsa ya zo. Gwani kuwa maganar abokinsa tana sauka a jikinsa kamar yau ya fara jin ta, alhali ya ji ta sau hamsin a wurin gwaji. Ka kuma bi mutum ɗaya daga fitowarsa ta farko zuwa ta ƙarshe ka ga ko ya sauya, da kuma ta wace hanya aka nuna sauyin, a murya ne, ko a kafaɗa, ko a yadda yake riƙe da wani abu.

Aikin darakta ya fi wuyar gani, domin idan ya yi kyau yakan ɓuya. Ka neme shi ta hanyar tambayar kanka ina idonka ya tafi a kowane lokaci, kuma wa ya aika shi can. Wa aka ɗora a tudu, wa aka bari a ƙasa, wa aka ware shi kaɗai a gefe? Ina wasan ya yi gudu, ina ya ja ƙafa, kuma jan ƙafar da gangan ne ko kasawa ce? Yaya ake wucewa daga fitowa zuwa fitowa, cikin duhu ana jan kujeru ana ɓata lokaci, ko kuwa sauyin kansa an mai da shi wani ɓangare na wasan? Wasan Henrik Ibsen da aka fi sani da A Doll's House, wanda ya fito a 1879, yana ƙarewa ne da ƙarar rufe ƙofa bayan matar gidan ta fita. Marubuci ya ba da ƙarar kawai. Ko za a buga ƙofar har zaure ya girgiza, ko a ja ta a hankali, ko a bar mijin cikin haske na tsawon lokaci bayan ƙarar, wannan duk shawarar darakta ce, kuma kowace tana ba da ma'ana daban. Irin waɗannan shawarwari su ne naman sharhi.

Haske da sauti da sutura da tsarin dandamali, ɗalibai sukan tara su a sakin layi ɗaya su ce sun dace. Kada ka yi haka. Game da haske, ka lura da launinsa, da ƙarfinsa, da inda ya fito, domin hasken da ya fito daga ƙasa yana mai da fuska abin tsoro, wanda ya fito daga baya kuma yana mai da mutum inuwa. Ka lura ko ana kashe shi farat ɗaya ko yana dusashewa sannu a hankali. Game da sauti, ka bambance wanda mutanen cikin labarin suke ji da wanda 'yan kallo kaɗai suke ji. Game da sutura, ka tambayi abin da take faɗa kafin mai ita ya buɗe baki: zamani, arziki, shekaru, da ko tana sauyawa yayin da halin mai ita yake sauyawa. Ba a buƙatar ka kama duka. Misali biyu da ka gani da kyau sun fi goma da ka hango sama-sama.

'Yan kallo ma suna cikin wasan. Tari da motsin kujera alama ce hankali ya fara watsewa, tsit ɗin da ba ka jin ko numfashi kuwa shaida ce da za ka iya kafawa. Idan akwai hutun rabin lokaci, ka zauna a kujerarka ka warware ƙugiyoyin da ka rubuta tun kana iya karanta hannunka.

Sa'a ta farko bayan an tashi

Wannan sa'a ta fi kowace tsada, kuma ita ce aka fi ɓarnatarwa a bakin ƙofa ana musayar ra'ayi. Kafin ka tattauna da kowa, ka nemi wuri ka zauna ka zubar da duk abin da kake tunawa a takarda, ba tare da tsari ba, ba tare da gyaran jimla ba. Ka fara da tambaya ɗaya: idan na rufe ido, wane hoto ne ya fara zuwa? Ka rubuta shi da duk bayanansa. Sannan na biyu, sannan na uku. Sau da yawa waɗannan hotuna uku su ne ginshiƙan sharhin gaba ɗaya. Ka rubuta har da inda ka gaji ko hankalinka ya tafi wani wuri, domin gajiya ma shaida ce, in dai ka yi wa kanka gaskiya ka bincika ko laifin wasan ne ko naka.

Bayan haka ka kwana a kai, ka rubuta washegari ko jibi, kada ya wuce haka. Idan kana da halin sake kallo, ka sake daga wata kujera daban, amma ka bayyana wane dare kake magana a kai.

Yanke hukunci

Akwai tambayoyi uku da ake dangantawa ga marubucin Jamus Goethe, waɗanda har yau ake koyar da su ga masu sharhi: me mai aikin ya yi niyyar yi, yaya ya yi nasara wajen yin sa, kuma shin abin ya cancanci a yi shi? Amfaninsu yana cikin jerinsu. Tambaya ta farko tana hana ka sukar wasan barkwanci don bai zama na ban tausayi ba. Ta biyu ita ce inda shaidarka take aiki. Ta uku ce kaɗai ƙofar ra'ayinka na kanka, kuma ba a buɗe ta sai an wuce biyun farko.

Daga amsoshinka ka fitar da magana ɗaya, jimla guda wadda duk sharhin zai tsaya a kanta, kamar a ce shirin ya mai da rikicin iyali ya zama labarin kaɗaici ta hanyar nisanta 'yan wasa da juna, amma saurin kashi na biyu ya hana wannan kaɗaici ya nuna. Idan ba ka iya faɗin ra'ayinka a jimla ɗaya ba, ba ka gama tunani ba tukuna.

Sannan ka ɗora kowane yabo da kowane laifi a kan mai shi. Idan magana ta yi tsawo ba ta da daɗi, wataƙila marubuci ne. Idan duk 'yan wasa suna ihu iri ɗaya, da wuya a ce kowannensu ne ya zaɓi haka, hannun darakta ne. Idan mutum ɗaya ne ba a jin sa, to nasa ne. Fitilar da ta makara da daƙiƙa biyu tangarɗar dare ɗaya ce, ba ta kai a gina sakin layi a kanta ba, sai in ta lalata wani muhimmin wuri.

Rubutawa

Sakin layi na farko ya ƙunshi sunan wasan, marubuci, darakta, ƙungiyar da ta shirya, wurin da aka yi da ranar da ka kalla, amma kada ya zama kamar takardar gayyata. Ka fara da hoto ko da maganarka guda ɗin nan, ka saƙa bayanan a ciki. Labarin wasan kuwa jimla uku ko huɗu sun isa, gwargwadon abin da mai karatu ke buƙata domin ya bi hujjarka. Idan sharhin na jama'a ne, kada ka tona ƙarshen labari. Idan na malami ne kuma ƙarshen yana cikin hujjarka, babu laifi.

Gangar jikin sharhin tana tafiya ne a kan ƙafa uku: ka bayyana abin da aka yi, ka faɗi abin da yake nufi ko tasirinsa, sannan ka auna ko ya yi nasara. A ce akwai fitowar da miji yake sanar da matarsa cewa an sallame shi daga aiki. Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta cewa 'yar wasan ta nuna baƙin ciki sosai kuma ta burge. Wannan jimla za ta dace da kowane wasa a duniya, don haka ba ta ce komai ba. Wanda ya lura zai rubuta cewa ba ta ɗago kai ba lokacin da ya yi maganar, ta ci gaba da ninke rigar da ke hannunta, ta warware ta, ta sake ninkewa har sau uku, sannan ta tambaye shi da murya ƙasa-ƙasa ko ya rufe taga. Cewa wannan ya nuna mace da ta saba haɗiye tsoro domin gida ya tsaya. Kuma cewa ƙin yin kukan ya fi kuka nauyi, abin da tsit ɗin zauren ya tabbatar. Jimlar ta fi tsawo, amma mai karatu ya ga abin da ka gani, kuma yana iya yarda da kai ko ya saɓa maka bisa hujja.

Ba dole ne ka ba kowane fanni rabo daidai ba. Idan haske ne ya ɗauki wasan a kai, ka ba shi sakin layi biyu, ka wuce sutura da jimla ɗaya. Ka kiyaye bambanci tsakanin ɗan wasa da mutumin da yake kwaikwaya: ɗan wasa ne ya zaɓi ya yi shiru, mutumin cikin labarin ne ya ji tsoro, kuma idan ka cakuɗa sunayensu za ka wayi gari kana zargin ɗan wasa da mugun halin da marubuci ya ƙirƙira. Idan za ka ambaci dama ko hagu na dandamali, ka tuna cewa a yaren masu sana'ar ana lissafa su ne daga ɓangaren ɗan wasa yana fuskantar 'yan kallo, wato damarsa ita ce hagunka. Ka zaɓi lokaci ɗaya na aikatau ka tsaya a kansa: ko ka ba da labarin daren a matsayin abin da ya wuce, ko ka rubuta kamar yana faruwa yanzu, amma kada ka riƙa tsalle tsakaninsu.

Batun harshe yana buƙatar a tsaya a kansa, musamman da yake ɗalibi sau da yawa abokan karatunsa yake yi wa sharhi, waɗanda gobe zai haɗu da su a ɗakin gwaji. Akwai jarabar yabon kowa domin a zauna lafiya, akwai kuma jarabar yanka domin a ce kana da kaifi. Dukansu ragwanci ne, domin babu ɗayansu da ke buƙatar lura. Ka soki zaɓi, kada ka soki halitta: kana iya cewa ɗan wasa ya riƙe murya ɗaya daga farko har ƙarshe ta yadda fushinsa na ƙarshe bai sami inda zai hau ba, amma tsayinsa ko ƙibarsa ko kamanninsa ba huruminka ba ne. Ka kuma auna shiri da ƙarfinsa. Wasan ɗalibai da aka yi da fitilu shida ba a tuhumarsa don bai yi abin da babban gidan wasa yake yi ba, ana tambayar abin da ya yi da shidan ne.

Idan kuma ra'ayinka ya saɓa wa na kowa, kada ka janye shi don kawai kai kaɗai ne. A 1958 wasan Harold Pinter mai suna The Birthday Party ya sha suka daga yawancin masu sharhi a Landan, aka rufe shi bayan an nuna shi sau 8 kacal. Harold Hobson na jaridar Sunday Times ya yabe shi ƙwarai, sai dai sharhinsa ya fito ne bayan an riga an rufe. Pinter ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2005. Wannan ba ya nufin duk mai saɓa wa jama'a yana da gaskiya. Yana nufin yawan masu ra'ayi ba hujja ba ne, kuma idan za ka tsaya kai kaɗai, shaidarka ce za ta riƙe ka.

Bayan ka gama daftarin farko, ka ajiye shi na 'yan sa'o'i, sannan ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin kowace kalmar hukunci: kyau, rauni, burgewa, gajiyarwa, dacewa. A gefen kowace ka duba ko akwai wani abu da aka gani ko aka ji wanda ya tallafe ta. Inda babu, ko ka koma littafinka ka samo, ko ka goge kalmar. Ka ƙirga layukan da ka kashe wajen ba da labari. Idan sun wuce kashi ɗaya cikin biyar na rubutun, ka datse. Duk maganar da ka sa a bakin wani a cikin alamar zance, ka gwada ta da rubutaccen wasan, idan kuma babu shi, ka faɗi ma'anarta da kalmominka maimakon ka dogara da kunne. Ka karanta sharhin da babbar murya domin ka ji inda numfashi yake yankewa. Daga nan sai ka buɗe takardar shirin da ka adana, ka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, harafi bayan harafi, ka tabbatar cewa wanda ka yaba shi ne ya fito a daren, domin wani lokaci ɗan wasa yakan yi rashin lafiya wani ya maye gurbinsa, kuma sanarwar hakan takan zo ne a ɗan guntun takarda ko ta lasifika kafin a ɗaga labule.